Zaɓen Tsibirin Da Za A Je Hutu A Bakin Teku

Duk ɗalibin da ya buɗe taswirar Afirka a darasin labarin ƙasa zai ga waɗansu 'yan ɗige-ɗige a cikin shuɗin launin da ke kewaye da nahiyar, kamar an zubar da tsabar gero a kan tabarma. Waɗannan su ne tsibirai. Galibinsu a rukuni suke, uku nan, goma can, wani wuri ma fiye da dubu. A kowace shekara miliyoyin mutane sukan tara kuɗi su tafi irin waɗannan wurare don su huta a bakin teku. Mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum muna nesa da wannan harka, domin daga Gummi zuwa tekun da ke Ikko ya fi kilomita 600 a miƙe, balle a bi hanyar mota. Amma cikin waɗanda suka gama wannan makaranta akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da likitoci da ke fita waje, kuma cikin masu karanta wannan mujalla yau akwai waɗanda wata rana za su tsaya gaban mai sayar da tikiti su ce a zaɓa masu wuri. Wanda bai san bambancin wannan tsibiri da wancan ba, yana iya zubar da tarin shekara biyu ya je ya zauna a ɗaki ana tafka ruwan sama, ko a juyo da shi daga filin jirgi, ko kuma, Allah ya kiyaye, ya shiga ruwan da ya fi ƙarfinsa.

Kafin mu tsallaka teku, ya kamata mu tuna cewa Bahaushe ya san tsibiri tun da daɗewa, har yana da wani suna nasa, wato gungu. A cikin kogin Kwara, wajen Yawuri, akwai mutanen da ake kira Gungawa saboda zamansu a kan gungu, suna noma da su. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tabkin da ya taru ya shanye gungu da dama tare da tsohon garin Busa, aka tayar da dubban mutane aka sāke masu matsuguni. Tsofaffin alhazanmu kuwa da suka tafi Makka a ƙasa, da yawansu daga Suwakin suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tsohon garin Suwakin a kan wani ɗan tsibiri yake a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan, gidajensa da dutsen murjani aka gina su, yanzu akasari sun zama kufai.

Abu na farko da mai zaɓe zai tambaya shi ne, da me aka yi tsibirin? Tambayar kamar ta jarrabawa ce, amma ita ce ke nuna irin rairayi da irin ruwan da mutum zai tarar. Waɗansu tsibirai duwatsu ne masu aman wuta da suka taso daga ƙarƙashin teku. Irin waɗannan suna da tsaunuka da kwazazzabai, rairayinsu sau da yawa baƙi ne ko ruwan toka, kuma taku kaɗan daga gaɓa sai zurfi. Waɗansu kuma murjani ne, wato gidajen waɗansu ƙananan halittun ruwa da suka yi ta taruwa bisa juna shekaru dubbai. Su ba su da tudu ko kaɗan, rairayinsu fari ne fat kamar garin rogo. Akwai kuma na laka da yashi waɗanda koguna suka tara a inda suke shiga teku, kamar na Neja Dalta.

Muhimmancin murjani ga mai wanka shi ne, yakan yi katanga a cikin ruwa nesa kaɗan da gaɓa. Raƙuman ruwa sukan zo su fashe a kan katangar, abin da ke isowa bakin gaɓa sai ruwa mai kwanciya, garai-garai, ana hango ƙasa. Murjani ba ya son ruwa mai laka ko mai sanyi, shi ya sa ba a samun irin wannan katanga sosai a gaɓar Afirka ta Yamma, inda manyan koguna ke zuba laka dare da rana. Saboda haka tekun Atlantika da ke gabanmu yana zuwa da ƙarfinsa har bakin rairayi, shi kuwa tekun Indiya da ke gabashin Afirka ya fi sauƙin kai a wurare da yawa. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya raba zaɓen gida biyu.

To, bari mu fara da na kusa. Birnin Ikko kansa a kan tsibirai aka kafa shi, kuma akwai bakin ruwa irin na Tarkwa Bay wanda sai da jirgin ruwa ake zuwa. Shi yana cikin lungu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, don haka ruwansa ya fi na sauran wurare lafawa. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna wurin. Shahararren Bar Beach da iyayenmu suke ba da labari kuwa babu shi yanzu, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwa ta Eko Atlantic. A Badagiri ana tsallakawa da kwale-kwale zuwa Gberefu, inda aka riƙa loda bayi a jirage, wuri ne da ya cancanci ɗalibin tarihi ya gani da idonsa. Amfanin Ikko a fili yake: ba fasfo, ba biza, ba canjin kuɗi, ga 'yan'uwa a Agege da Idi-Araba da Obalende da za su sauke baƙo. Aibinta kuma cunkoso da hayaniya, ga teku mai haɗari.

Gaba kaɗan, a cikin mashigin tekun Gini, akwai tsibirai huɗu a jere kamar an ja layi: Biyoko, da Firinsife, da Sawo Tome, da Annobon. Dukansu 'ya'yan aman wuta ne, layinsu ɗaya da Dutsen Kamaru. Biyoko, wanda a da ake kira Fanando Po, na ƙasar Ikwatoriyal Gini ne, kilomita 32 kacal daga gaɓar Kamaru. Dubban 'yan Nijeriya sun yi ƙwadago a gonakin kokonsa har zuwa tsakiyar shekarun 1970, lokacin da gwamnatinmu ta kwaso su saboda wulaƙancin da ake yi masu. Dutsensa mafi tsawo ya ɗara mita 3,000. A kudancinsa akwai wani ƙauye, Ureka, inda ruwan sama kan kai milimita 10,000 a shekara. Mai karatu ya kwatanta da namu nan, wanda bai cika kai 1,000 ba. Ba na ba kowa shawarar ya je Biyoko don shan rana.

Sawo Tome da Firinsife ƙasa ɗaya ce, ta sami 'yancin kai daga Fotugal ranar 12 ga Yulin 1975, mutanenta ba su kai rubu'in miliyan ba. A farkon ƙarni na 20 tana cikin wuraren da suka fi ko'ina noman koko a duniya, har yanzu manyan gidajen gonakin Turawa suna nan, waɗansu sun zama masaukin baƙi. Tana da alaƙa da mu ta fuska biyu. Lokacin yaƙin basasa, daga 1968 zuwa 1970, daga nan jiragen agaji suka riƙa tashi da dare zuwa Biyafara. A 2001 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar haƙar mai tare a ruwan da ke tsakaninsu. Ɗaliban kimiyya za su so su ji cewa a Firinsife ne masanin taurarin nan na Ingila, Arthur Eddington, ya ɗauki hoton husufin rana ranar 29 ga Mayun 1919, wanda ya gaskata maganar Einstein cewa nauyin rana yana tanƙwara hasken taurari. A ƙarshen kudu akwai ɗan tsibirin Rolas, inda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa, mutum ya sa ƙafa ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Wuri ne mai daji kore shar, ba cunkoso, ba tsada irin ta manyan wurare. Sai dai akwai zazzaɓin cizon sauro, harshensu Fotugis ne, asibiti kuma ƙarami ne, babbar rashin lafiya sai an fita da mutum waje.

A can yamma, kilomita wajen 570 daga gaɓar Sanagal, akwai Kef Bade, tsibirai goma, tara da mutane ɗaya babu. Wannan ita ce ƙasar da Bazamfare zai fi saurin ganewa, domin Sahel ce a tsakiyar teku. Ruwan sama kaɗan ne, daga Agusta zuwa Oktoba, wata shekara ma ya ƙi zuwa, kuma a shekarun 1940 yunwa ta kashe dubban mutane. Hazon hunturu da ke rufe mu a Janairu yakan kai can har ya hana jirage sauka. Ba kowa a tsibiran sa'ad da 'yan Fotugal suka iso wajen 1460, mutanen yanzu jikokin bayi ne da Turawa. A nan zaɓe biyu ne a cikin ɗaya, don tsibiran ba su yi kama da juna ba. Sal da Bowa Bista shimfiɗaɗɗu ne, rairayi ne iyakar gani, su Turawa suka fi cika. Santiyago nan ne babban birni Piraya yake, da kasuwa da tsohon garin da aka kafa a 1462. Fogo dutse ne mai tsawon mita 2,829, ya yi aman wuta a 2014 har ya binne ƙauyuka. Wanda ya sayi tikitin Fogo yana zaton zai kwanta a farin rairayi ya yi kuskuren adireshi. Kef Bade tana cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza, amma jami'an shige da fice sukan nemi tikitin komawa da shaidar masauki da kuɗin guzuri, kuma ba su wasa. A Janairun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin abincinsu na yau da kullum, wani faten masara da wake, sau da yawa da naman alade ake yinsa. Iska tana da ƙarfi daga Disamba zuwa Maris, ruwan kuma da ɗan sanyi.

Tsibiran Bijagos na Gini Bisau guda 88 ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da mazauna na dindindin. A Orango akwai dorinar da ke shiga ruwan gishiri, abin da ba a cika gani ba a wani wuri, a Poyilawo kuma dubban kififfiyar teku ke fitowa su yi ƙwai. A 2025 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Amma tafiya ce ta mai ƙarfin hali: kwale-kwale na awoyi, masauki kaɗan, ga siyasar ƙasar ba ta cika zama lafiya ba. Mai iyali da ƙananan yara ya bar wa masu binciken dabbobi. Wanda harka ta kai shi Dakar ko Konakiri kuwa, akwai Gore da tsibiran Los, waɗanda ake zuwa da safe a komo da yamma.

Yanzu sai gabas, inda a ganina zaɓen ya fi daɗin tattaunawa. Zanzibar manyan tsibirai biyu ne, Unguja da Pemba, a gaɓar Tanzaniya. Daga Darussalam jirgin ruwa mai gudu yakan yi kamar awa biyu zuwa Unguja. Kanumfarin da ake sa wa a fura da kunu da yaji, Pemba na cikin wuraren da suka yi suna da nomansa tun ƙarni na 19, lokacin da Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa Zanzibar. Arzikin nan a kan wuyan bayi aka gina shi. An rufe babbar kasuwar bayi ta garin a 1873, aka gina majami'ar Angilikan a daidai wurin, tana nan har yau ana ziyarta. A 1896 Ingila ta yi wa fadar sarkin luguden wuta, yaƙin bai kai awa ɗaya ba aka gama. A Janairun 1964 aka yi juyin juya hali aka kori sarautar Larabawa da zubar da jini mai yawa, a Afrilun shekarar kuma Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya.

Bahaushe ba ya jin baƙunta sosai a Zanzibar. Yawancin mutanen Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina, nama halal ne, shigar mata irin ta gida. Tsohon garin yana da lunguna matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa, wanda ya san cikin birnin Kano ba zai ruɗe ba. Harshensu na Suwahili ya ari kalmomi daga Larabci kamar yadda Hausa ta yi, sai ka ji sun ce habari inda muke cewa labari, sabuni a maimakon sabulu, kalamu a maimakon alƙalami, asubuhi a maimakon asuba. Kirista ma zai sami wurin ibada, na Katolika da na Angilikan. A watan azumi ba a son ganin baƙo yana ci a titi da rana, ko wane ne shi.

Wani abu da ke ba baƙi mamaki a nan shi ne cika da janyewar teku. Sau biyu a yini ruwa yakan cika ya kuma janye, saboda jan da wata ke yi masa. Abin ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, lissafin da kowane ɗan makarantar allo ya iya. A gabashin Unguja ruwa yakan janye nesa ƙwarai, sai ka ga mata sun shiga filin da ya bari suna gyaran gonakinsu na ciyawar teku. Kallo ne mai kyau, amma mai son wanka a kowane lokaci sai ya nufi arewa wajen Nungwi, inda ruwan ba ya nisa. Ɗan Nijeriya sai ya nemi biza tun daga gida, kuma ya nema da wuri. Daga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta a kan dala 44.

Kudu da nan akwai Komoros, tsibirai uku na Musulmi masu noman furen turare, ga talauci, ga ƙarancin masauki. Na huɗunsu, Mayot, yana hannun Faransa. Sai Moris, ƙasar rake, wadda ta sami 'yanci a 1968, kusan rabin mutanenta mabiya addinin Hindu ne, ga Kirista ga Musulmi, ga hanyoyi da asibitoci masu kyau. Saishel kuwa tsibirai 115 ne, manyansu na dutse ne irin duwatsun Kwatarkwashi, sai dai su ƙafarsu a cikin ruwa take. A Firalin ake samun wata kwakwa wadda ƙwallonta ya fi na kowace itaciya girma a duniya. Babu zazzaɓin cizon sauro, manyan guguwar teku ba su cika bi ta nan ba. Amma akwai tsada mai sa mutum ya dafe kai, kuma a 2023 hukumomin ƙasar sun tsaurara wa masu fasfon Nijeriya shiga. Duk mai niyya ya tabbatar da izninsa a rubuce kafin ya biya ko kwabo.

Na bar Maldif a baya da gangan, ko da yake ba a Afirka take ba, tana kudu maso yammacin Indiya. Dalili kuwa, babu tsibiran da suka taɓa rayuwar kakanninmu kamar waɗannan. Wurin da aka yi ciniki da shi a kasuwannin Zamfara da Kano da Sakkwato kafin zuwan sulalla, wanda jam'insa ne ya ba mu kalmar kuɗi, mafi yawan ƙananansa daga Maldif suka fito. Mutanen can sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa, 'yan halittun su manne, a jawo a shanya a rairayi har naman ya ruɓe, a wanke ɓawon. Daga nan jiragen Turawa su ɗauke shi zuwa Landan da Amstadam, su sāke lodo zuwa gaɓar Afirka ta Yamma su sayi bayi da manja, fatake kuma su hauro da shi arewa. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. Keso guda wuri 20,000 ne, kayan mutum ɗaya ke nan. Daga baya 'yan kasuwar Jamus suka riƙa kawo wani wuri mai girma daga Zanzibar da yawan gaske, darajarsa ta faɗi. Ashe faɗuwar darajar kuɗi ba a kan naira aka fara ba. Ibn Battuta, wanda ya zo Takadda ta ƙasar Azbin a 1353 har ya ambaci Gobir, ya riga ya yi alƙalanci a Maldif kamar shekara goma kafin nan.

Tsibiran kusan 1,200 ne, na murjani zalla, waɗanda ke da garuruwa ba su kai 200 ba. Tsayin ƙasar a kan teku, in an daidaita, mita ɗaya da rabi ne, bai kai tsawon mutum ba. Shi ya sa batun ɗumamar yanayi ya zame masu maganar rai da mutuwa, har a 2009 shugaban ƙasar na lokacin, Mohamed Nasheed, ya yi taron majalisar ministoci a ƙarƙashin ruwa don duniya ta lura. An fara karɓar masu yawon buɗe ido a 1972, bisa tsarin otel ɗaya a tsibiri ɗaya, nesa da 'yan ƙasa. Irin waɗannan otel na masu hannu da shuni ne. Daga 2009 aka yarda a buɗe ƙananan masaukai a cikin garuruwan mutane, inda babu giya, akwai masallaci, farashi kuma da sauƙi. Ana ba da biza ta kwana 30 a filin jirgi. 'Yan'uwa Kirista su sani babu coci a ƙasar, doka ba ta yarda da ibadar wani addini a fili ba. Abin da ke cin kuɗi a ɓoye shi ne jigila daga filin jirgi zuwa tsibirin da aka kama, wani lokaci da ƙaramin jirgin sama mai sauka a ruwa. A tambayi kuɗin wannan tun kafin a yi murnar arahar ɗaki.

Bayan wuri sai lokaci, kuma a nan mutanenmu suka fi faɗawa rami, don muna ɗauka damina ɗaya ce a duniya. Ma'aikacin makaranta da ɗalibi dogon hutunsu Agusta ne. A wannan wata Bijagos da Konakiri ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, tekun Ikko ya yi fushi, Maldif tana cikin iskar damina. Amma Sawo Tome tana cikin raninta, wanda ke kamawa daga Yuni zuwa Satumba, Zanzibar kuma ta bushe, ga iska mai sanyi-sanyi. Manomi da ɗan kasuwar hatsi ba su da sukuni sai bayan kaka. A Disamba da Janairu Bijagos da Kef Bade sun bushe, Maldif ta yi kyau amma farashi ya kai ƙololuwa saboda Turawa masu gudun sanyi, Moris kuwa ta shiga lokacin guguwa, wanda ke tsakanin Nuwamba da Afrilu. A Disamban 2024 irin wannan guguwa ta ragargaza Mayot. Hutun Ista shi ne mafi muni ga Zanzibar, domin daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu, har waɗansu otel sukan rufe.

In aka ce in zaɓa wa mai iyali daga yankinmu wanda zai fita karon farko a dogon hutu, Zanzibar zan ce, saboda abinci da sutura da ruwa mai kwanciya, ga tarihi da yara za su ƙaru da shi. Saurayi mai son hawan dutse da daji, Sawo Tome. Wanda ba ya son wahalar biza, Kef Bade. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya fara da Yawuri lokacin bikin Rigata, ya ga tseren kwale-kwale, ya ci kifi, ba abin kunya ba ne.

Maganar ruwa kuwa sai na ɗan tsaya a kanta. Yaron da ya tashi yana iyo a gulbin Zamfara ko gulbin Ka yana ganin ya iya ruwa. Gulbi gefe ɗaya yake tafiya, ka san inda zai kai ka. Teku yana turowa ne yana kuma ja. Ruwan da raƙuma suka tara a gaɓa yakan nemi wata 'yar hanya ya koma ciki da gudu, kuma wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina lafiya, don raƙuma ba su fashewa a nan. Wanda wannan igiya ta ɗauka, in ya ce zai yi iyo ya komo kai tsaye, gajiya za ta kashe shi. Abin yi shi ne ya bi gefe, wato ya yi iyo daidai da tsawon gaɓa har ya fita daga igiyar, sa'an nan ya juyo, ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. Jar tuta a bakin teku tana nufin kada a shiga. Haka nan batun jirgin fito. Ba mu manta da kwale-kwalen da ya kife da manoma a Gummi a Satumbar 2024 ba, ko jirgin da ya nutse kusa da Wara a tabkin Kainji a Mayun 2021. A Zanzibar ma wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse tsakanin Unguja da Pemba a Satumbar 2011, mutane masu yawa suka hallaka. In ka ga jirgi ya cika maƙil, ko babu rigar kariya daga nutsewa, jira na baya.

Saura hanya. Babu ɗaya daga cikin tsibiran nan na waje da ake zuwa kai tsaye daga jiharmu. Sai an fita Sakkwato ko Kano ko Abuja ko Ikko, kuma halin da hanyoyinmu suke ciki ya sa tilas a yi wannan zango da rana, a kwana a birni kafin ranar tashi. Masu zuwa gabas galibi ta Adis Ababa ko Nairobi ko Doha suke bi, masu zuwa yamma ta Lome ko Akara ko Dakar. Abin mamaki, Sawo Tome da ke kusa da mu tana iya cin awoyin da suka kai na Zanzibar, saboda jiran canjin jirgi. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, a riƙe katin allurar shawara, a kuma yi lissafi da dala ko yuro, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin da aka ji bara ba shi ne na bana ba. Ranar komowa kuma kada a kwana a ƙaramin tsibiri ana da jirgin sama da safe. In iska ta tashi jirgin fito ba ya fita, jirgin sama kuwa ba ya jira, sai a komo babban gari tun ana saura kwana ɗaya.